Fenti Iya Gwiwa

A ɗakin jira na ofishin filaye, murna ta ishi wani tela, ya miƙa wa dattijuwar da ke gefensa wayarsa.

"Inna, dubi gidan da zan saya. Har sabon fenti aka yi."

Ta ƙura wa hoton ido. "Ɗana, me ya sa fentin ya tsaya iya gwiwa?"

"Ado ne mana."

"Tabon ambaliya aka rufe. Ba a zaɓen gida da rani. Bari a tafka ruwa, ka koma, ka tambayi maƙwabta."

Ya karɓi wayarsa. "Ke ma saye kika zo?"

"Sayarwa." Ta sunkuyar da kai tana kankare fenti daga farcenta. "Nawa har ƙugu na shafa."