Ankon da Ya Tsaya a Kafaɗa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro.

Ni tela ce a kasuwar Wunti. Mu huɗu muka haɗa kai muka karɓi ɗinkin ankon wani biki da za a yi ranar Asabar, kowace mace da awonta da irin wuyan da take so. Ni nake yanka, Ladi a Ƙofar Wambai take haɗawa, sauran su yi ado. Ashe hannunmu ba ɗaya ba ne. Ni daidai awo nake yanka, ita kuwa ta saba da masu bar mata rara, sai ta ci gefen atamfa kamar kullum. Ba wadda ta tambayi wata.

Jiya Hajiya uwar amarya ta zo gwaji, riga ta tsaya mata a kafaɗa. Ta ƙanwarta ma haka. Na zagaye kasuwa, atamfar ta ƙare ƙaf.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ninke rigar a hankali, ta dubi shagon da nake ciki, wanda nata ne, ta ce, "'Yata, Allah ya kai mu Asabar."

Ladi ta kashe waya. Jama'a ku ba ni shawara, yau Alhamis.