Buhun Iri a Mazaunin Hammadu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Shugaban wanga taro, kuma shugaban ƙungiyar manoman fadamarmu, Alhaji Atiku, wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka, malamin gona da ya taso tun daga Sakkwato, Sarkin Noma, Sarkin Ruwa da masuntansa, limamai da dattawa, mutanen Gulma, mutanen Augie, da ku na Argungu masu masauki, iyayenmu mata da ke sauraro daga bayan zana, jama'a, manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya nuna muna ƙarshen sussuka lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni damar magana, ko da yake sadda na ɗaga hannu na ga ya sunkuyar da kai kamar mai neman allura cikin rairayi. Ga wanda bai san ni ba, sunana Abdussamadu, bakanike ne ni daga Birnin Kebbi. Ba ni da ko taƙi ɗaya na gona cikin wagga fadama. Ni ne wanda ɗiyanku ke kira Mai Jirgi.

An tara mu yau domin a sa ranar gayya, a haƙa hanyar ruwa daga gulbi zuwa sababbin gonakin albasa da alkama. Kowa nan ya san hanyar za ta ratsa tsakiyar fako, inda kuke sussukar shinkafa, inda kuma jirgina ke gudu. Ran da anka tsaga fakon, jirgin ba shi da sauran wurin tashi a duk ƙasar nan. Kowa ya sani, amma tun da anka buɗe taro ba wanda ya faɗa. To, ni zan faɗa, kuma maganata uku ce.

Ta farko, maganar inji. Da yawa cikinku kun ji kukansa, kaɗan ne sunka san abin da ke ciki. Na same shi cikin wata mota 'yar Japan da wani ɗan kasuwa ya yar bayan garejinmu a Birnin Kebbi, har kaji sun mai da ita akurki. Da na kwance injin, sai na tsaya ina kallo kamar baƙauye a tasha. Babu fistin, babu bawul, babu abin da ke hawa da sauka. Ƙarfe ne mai kusurwa uku, guda biyu, kowane shina juyawa cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. A juyi ɗaya ya sha mai, ya matse, ya ƙone, ya fitar da hayaƙi. Mutum biyu na iya ɗaga shi, alhali ƙarfinsa ya kai na injin da sai mutum huɗu. Kuma ba ya girgiza. Na ɗora kofin shayi a kansa shina aiki, shayin bai zube ba.

Ina saurayi na yi hidima ga jiragen da ke zuwa feshin tsuntsayen jan-baki, kuma matuƙinsu ya sha ɗaukata sama har ya sakar mini tuƙi. Daga nan na san abin da ƙaramin jirgi ke so ga inji: rashin nauyi da rashin girgiza. Ga su nan duka biyu, kaji na kwana a kai.

Ba zan yabi ɗan kuturu a gabanku ba, injin nan shina da halinsa. Shina shan fetur kamar raƙumi ya iske rijiya. Shina da zafin jiki, sai da na ba shi lagireto biyu na sanyaya ruwa. Dole a gauraya masa baƙin mai cikin fetur, yadda masu babura na Ambursa ke yi, in ba haka ba bakin ƙarfen ya cinye. Gudunsa ya fi ƙarfin farfela, sai da na rage shi da bel irin na injin niƙa. Kukansa kuwa, ku ne shaida. Amma kukan nan shi ne amfaninsa. Ban gina jirgi domin in tafi Makka ba. Na gina shi domin ya bi saman fadama ƙasa-ƙasa lokacin da shinkafa ke nono, ya kori jan-baki, ɗiyanku su huta da ihu bisa rumfa tun asuba har faɗuwar rana.

Magana ta biyu, maganar Hammadu, Allah ya jiƙansa. Inji ba jirgi ba ne. Ni na san ƙarfe, ban san itace ba. Anka ce mini in je Argungu in nemi Hammadu mai sassaƙar kwalekwale. Na iske shi bakin gulbi da gizago a hannu, na zana masa abin da nike so a ƙasa da tsinke. Ya daɗe shina kallo, sannan ya ce, "Malam, wanga abu ruwa za shi shiga ko sama?" Na ce sama. Ya ce, "To, sama dai ba ta da kada. Mu gwada."

Shi ya fere haƙarƙarin fukafukai ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinke su da yadin akoko, munka shafe da fenti. Shi ya sassaƙa farfela daga maɗaci, ya riƙa ɗora ta bisa kaifin wuƙa shina kankare gefen da ya rinjaya, har ta tsaya daidai. Shekara da shekaru muna wanga aiki, ni mutumin Birnin Kebbi, shi Bakabe na Argungu, kullum shina ce mini kakanninmu sun gaji da faɗa da juna, shi ya sa anka bar muna faɗa da iska.

Mazauni biyu munka yi. Injin shina baya, ni ina tsakiya ina tuƙi, Hammadu a gaba, domin mutumin da ke karanta fuskar ruwa ya san inda kifi yake, shi ya dace ya karanta fuskar fadama. A kan nauyinsa munka auna komai. In ba kowa a mazaunin gaba, injin shina rinjayar baya, hanci ya ɗaga, jirgin ba ya tuƙuwa.

Bara, kafin damina, munka gwada shi a fako. Kuna nan, ai. Ƙafafun babur basfa ne gare shi, ba burki, saboda haka sai samari sun riƙe fukafukai har injin ya cika ƙarfi, sannan in ɗaga hannu su saki. Ya yi gudu, ya yi tsalle kamar zabo, ya koma ƙasa. Bawa mai albasa, ga shi can zaune, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce, "Malam, da mugunyar rawa gwamma ƙin tashi!" Duk fako ya ɗauka. Hammadu ma ya yi dariyar, ya ce farfela ce ta cika faɗi, zai rage ta. Ya rage ta kuwa. Ya gama, ya shuka shinkafarsa, damina ta yi tsaka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Magana ta uku ita ce mai nauyi, ku yi mini haƙuri da ita. Jama'a, kun yi wa Hammadu abin da ya kamata. Kun yi masa sutura, kun yi zaman makoki, da shinkafarsa ta nuna kunka yi gayya kunka girbe wa iyalinsa. Allah ya saka muku. Ni kuma kunka yi mini kara. Kunka ce Malam shina cikin baƙin ciki, kada a tuna masa. Kunka hana yara bi na. Kunka daina kirana Mai Jirgi a gabana. In na biyo ta kasuwa ana hira, sai hirar ta koma farashin gero. Bawa da kansa, in ya hango ni, sai ya cire hula ya ce, "Malam, ya haƙuri?" ya wuce da sauri.

Na san alheri kunka nufa. Wallahi na sani. Amma bari in gaya muku yadda karar nan take daga ciki. In na tura jirgi fako da safe, ba kowa sai balbelu. In ɗaure wutsiyarsa ga kututturen giginya, in tada inji, ya yi kuka iyakar ƙarfinsa, in duba dama, in duba hagu, ba wanda zan ɗaga wa hannu. Igiya tana riƙewa, amma igiya ba ta saki. Sai in kashe inji in zauna ƙarƙashin fiffike har rana ta yi zafi, in tura abina in koma. Dā ina cewa ba abin da ya kai dariyar mutane ciwo. Ashe ban sani ba. Mai yi maka dariya dai shina tsaye kusa da kai. Kewa ta dame ni, jama'a, ba na jin kunyar faɗa. Na yi rashin Hammadu, sannan na yi rashinku, ku kuwa kuna da rai.

Sai makon jiya na ji sauran labarin, ba daga bakin ɗayanku ba. Wani direba ne baƙo ya tsaya gyara wurina, ya ce, "Wai mi ya hana mutanen nan haƙa hanyar ruwansu? An ce wani mai jirgi suke jin nauyi." Ashe tun gama sussuka ya kamata a haƙa. Ashe shugaba ya ɗaga ranar gayya, ya sake ɗagawa, domin an rasa mai idon da zai tunkare ni. Ashe irin albasar Bawa ya isa dashe, shina tsufa a wurin reno. Ni ina can ina cewa kun manta da ni, ku kuna nan kuna hasara saboda ni. Ku dubi inda kawaici ya kai mu, kowa ya yi shiru domin ɗan'uwansa, kowa ya cutu.

To, yau na sauke muku nauyin. Ku haƙa hanyar ruwa. Ruwa ya fi jirgi, ko Hammadu da ke kwance zai faɗi haka. Abu ɗaya nike roƙo, ba kuɗi ba, ba ƙasa ba, ba ɗage gayya ba. Ran da kunka sa, ku zo da fartanyu da kwanduna yadda kunka saba. Amma kafin a sari ƙasa, ku ba ni hantsi ɗaya. Samari su riƙe mini fukafukai, in ɗaga hannu su saki. In ya tashi, alhamdu lillahi, sai mu nemi wani fako ko a ina yake. In bai tashi ba, da hannuna zan kwance injin in ɗora shi bakin gulbi ya ja muku ruwa, sai dai ku shirya wa shan fetur ɗinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mutum ɗaya ba ya tada jirgin da mutum biyu sunka gina.

Wani zai ce, wa zai zauna gaba? Ba zan sa ran ɗan kowa a mazaunin nan ba. Na je gidan marigayi na yi sallama, mai ɗakinsa Sadatu ta amsa daga bayan ƙofa. Na gaya mata ina neman abin da zai yi nauyin Hammadu, ko yashi ne. Ta sa anka fito da buhu ɗaya daga shinkafar da kunka girbe. Na ɗaga, na ce ya yi. Ta ce a ajiye, ta miƙo hannu ta jijjiga bakin buhun, ta ce, "A'a, Malam Abdu, ya ɗara hakanga. A ƙara kwano biyu." Anka ƙara. Sannan ta ce, "Iri na, ba na ci ba. Daga wanda yaz zaɓa da hannunai tun bara waccan yaf fito. Ka kai shi inda kunka yi niyya, amma ka maido man shi kahin ruwa shi sauka."

Buhun nan shina mazaunin gaba yanzu haka, na ɗaure shi da igiya. Ba zan ɓoye muku ba, wani lokaci in na tada inji sai in ji ina tambayarsa ko ya ji yadda farfelar ta daidaita. Na yi wa Sadatu alkawari, kuma zan cika. Da damina ta matso zan kwance igiyar in kai mata irinta a shuka, daga nan mazaunin ya zauna ba kowa. Wanga rani kaɗai gare mu, ni da shi. Kun girbe masa abin da ya shuka a ƙasa. Saura wanda ya bari a fako.

Allah ya jiƙan Hammadu, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan dukkan magabatanmu. Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya sa albarka ga irin da ya bari. Allah ya sa hanyar ruwan nan ta zama alheri ga na kusa da na nesa, ya tsare amfaninmu daga tsuntsu da fari da ambaliya. Allah ya zaunar da Jihar Sakkwato da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya, kada ya bar ɗayanmu shi kaɗai.

Shugaba, ka sa rana, ka ɗaga kai ka dube ni ka faɗe ta. Kai kuma Bawa, ran nan ka bar hularka bisa kanka, ka tsaya inda zan hango ka. In ya yi tsallen zabo, don Allah ka yi dariya.

Na gode.