Ranar da Garinmu Ya Rataye Fari

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, mai girma dagacinmu, malam liman, iyayena masunta da iyayena mata, barkanmu da ganin juna ba ta taga ba. Na gode wa malamarmu da ta tsayar da ni.

Abu na farko, mu tuna lokacin annoba da kulle. Mu tuna jiragen ruwanmu kife a kan yashi, mu tuna kasuwar kifi da ta koma ta maguna, mu tuna sanarwar da aka yi cewa duk gidan da shinkafa ta ƙare, ya rataye farin ƙyalle a ƙofa.

Abu na biyu, da izinin wadda abin ya shafa zan faɗa. Inna Seripah, mai soya mana kifi a bakin makaranta, an rufe makaranta, ga jikoki marayu, tukunya kuma a kife. Mahaifiyata ta leƙa ta katanga ta ce, "Yaya, ki rataye mana, ba ke kaɗai ba ce."

Inna ta ce, "Farin da zai fita daga gidan nan, sai dai likkafanina."

Aka aike ni da shinkafa, ta dawo da ni da ita, ƙaramin jikan yana bin kwanon da ido.

A littattafan soyayyar da nake karantawa, nan ne wani kyakkyawan saurayi zai ɓullo. Mu Kawu Deraman muka samu, mai kwalekwale, ba haƙori ko ɗaya a gaba. Ya bi mutanen gari ta waya yana cewa, "Gobe kowa ya rataye, kowa ya miƙa wa maƙwabcinsa na dama abin da ya dafa."

Jama'a, gari ya waye fari fat. Mayafai, zanen gado, rawanin liman, har da singiletin Kawu mai huji. Ba a san mai nema ba, ba a san mai bayarwa ba.

Inna ta karɓi kwanonmu, ta ɗanɗana, ta ce, "Gaya wa uwarki gishiri ya yi yawa." Ta ɗebi kaɗan ta miƙa wa na damanta, yaran suka ci sauran.

Wannan garin ne ya haife ni, kuma ba zan musanya shi da na cikin littafi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda annoba ta ɗauka, Ya cika komarmu da kifi, Ya rufa mana asiri kamar yadda muka rufa wa juna.

Na gode.