Ni Ne Mai Ruƙiyya, Ni Ne Mai Riƙon Cokali

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, mai girma dagaci, malamaina limamai, ma'aikatan lafiya da suka taso daga Kabo da Gwarzo, iyayenmu mata da ke bayan rumfa, jama'ar Durun manya da yara, barkanmu da wannan zama.

Ina godiya ga Allah, ina godiya ga kwamitin Islamiyyar nan da ya ce ni, Malam Ƙasim, in yi magana kan magani da idon yara, ni da ban san allura ba sai in ta shiga jikina. Na amsa ne domin ina da kuskure, kuma gara in faɗe shi da bakina kafin mai ɗakina ta faɗa muku da nata.

Bara da damina jikata Adawiyya, 'yar shekara bakwai, ta kwanta da zazzaɓi da amai. Likita ya rubuta mata magani, cokali ɗaya sau uku a rana. Kwana biyu da farawa sai idonta ya juye sama ya kafe, wuyanta ya sandare. Ana kiranta tana amsawa, amma ba ta iya dubanmu. Jama'a, me kuke zaton malami irina zai ce? Na ce mutanen ɓoye ne. Na yi alwala, na gyara zama, na kama ruƙiyya.

To ga abin dariyar. Ni ne mai karatun, kuma ni ne mai riƙon cokalin. In yi karatu har muryata ta dushe, ido ya sauko, in ce alhamdulillahi ya fita. Lokacin magani ya yi, in ɗura mata, kafin la'asar ido ya koma sama, in ce, "Kai, wannan aljani akwai taurin kai!"

Abin da ba na dariya ba shi ne, magana ta zaga gari wai Adawiyya tana da iska. Yara suka daina zama tabarma ɗaya da ita, har wasu iyaye suka nemi a cire ta daga makaranta. Kun san garinmu, in aka laƙaba wa yarinya wannan suna, har furfura yana bin ta.

Rana ta huɗu Malama Sa'a, ma'aikaciyar jinyar da ke zaune can, ta shigo gaisuwa. Ta ce, "Malam, me take sha?" Na miƙa mata maganin. Ta juya kwalbar, ta dube ni, ta ce, "Allah gafarta Malam, aljanin naka ai a kwalba yake. Wannan magani yakan yi wa wasu yara haka." Wallahi na ji kunya, kuma na ji daɗi. Muka koma wurin likita, ya yi mata allura, ya sauya maganin, kafin mu baro asibiti tana kallona tana dariya.

Don haka, na farko: in yaro yana shan magani ka ga idonsa ya sauya, ko ja, ko kumburi, ko gudun haske, ko ya ce yana gani dishi-dishi, ɗauki yaron, ɗauki kwalbar, koma wurin wanda ya rubuta. Na san zamanin tsuke bakin aljihu ne, amma ido ba a sayar da shi a kasuwa. Na biyu, ban ce a bar addu'a ba. A yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

Na uku shi ya fi damuna. Idon ya warke a yini ɗaya, sunan kuwa har yau bai warke ba. Har yau Adawiyya ita kaɗai take zama a gefen tabarma. Ni na fara furta kalmar, ni nake janye ta a gabanku: jikata ba ta da iska. Iyayenmu mata, ba na roƙon komai sai uwa ɗaya da za ta ce wa 'yarta gobe da safe, "Je ki zauna kusa da ita."

Allah ya kiyaye idanun 'ya'yanmu, ya yi wa masu duba lafiyarmu albarka, ya yafe wa malamai irina, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.