Akwatin da Ke Rufe

A layin ganin likitan ido, wata mata ta jefa wa dattijon gefenta tambayar da 'yarta ta kawo daga jami'a.

"Akwati biyu ne, Baba. Buɗaɗɗen yana da zoben azurfa a ciki. Rufaffen kuwa, wani wanda ya san halinka ya zuba zinariya tun jiya, amma in ya hango duka za ka kwashe, wayam ya bar shi. Rufaffen kaɗai za ka ɗauka, ko duka biyun?"

"Duka zan ɗauka mana! Abin da ya zuba ai ya zubu."

"Ni rufaffen kaɗai. An san ni, ba ni da kwaɗayi. Mu bakwai ne, ni mahaifiyarmu ta ba makullin ɗakinta."

Dattijon ya gyaɗa kai.

"Mu ma ƙanena aka ba makullin shago. Har yau ban gane dalili ba."