Bana Kowane Gida Ya Ɗaure Rago

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajara daga Kanya Babba, ƙaramar hukumar Babura.

Bara mu ƙalilan ne muka yi kiwon rago a unguwarmu. Da Babbar Sallah ta matso, raguna suka yi ƙaranci, har gida dillalai suka biyo ni. Da kuɗin na sayi keken ɗinki, matan unguwa kuma sun gani.

Bana duk gidan da ka leƙa akwai rago a ɗaure. Dusa da harawa suka yi tsada, don kowa nema yake. Da ƙanena Sani ya kai nawa kasuwar Babura, ya tarar ga namu ga na mutanen Nijar, ba masaka tsinke. Ya kira ni ya ce, "Yaya, kasuwa ta cika. In ban sallama ba, da shi zan dawo."

Na ce ya sallama. Wani malamin makaranta ne ya saya, yana ta murna, wai da niyyar tunkiya ya fito, ga shi zai koma da rago har da canji. Ni kuwa kuɗin dusa ma da ƙyar ya fito.

Yanzu maƙwabtana sun rantse sun bar rago, sun koma kaji. Na ga in kowa ya bari, baɗi rago zai yi daraja, shi ya sa nake son in ɗaure biyu. Ku ba ni shawara. Sai dai na san su ma suna sauraren shirin nan.