Kala a Fatar Idon Matarsa

Kowa a kasuwar ya san mai kayan kwalliyar nan da kaifin baki. Wani dattijo ya daɗe gaban teburinta yana murza hannu.

"'Yata, me ake shafawa a fatar ido kafin kala?"

"Baba, da furfurarka? Wace yarinya ta rikita ka?"

"Matata ce. Tun da ta yi ciwo hannunta ke rawa. Jiya na shafa mata, kalar ta dunƙule. Ta duba madubi, ta ce gobe ba za ta bikin kammala karatun autarmu ba."

"Ka goge maiƙon tukuna?"

"Mai na ƙara, kada ta ji zafi."

Ta ɗauko auduga da hoda.

"Rufe idonka in nuna maka. Baba, ka yafe mini."